Ɗan Kokawar da Ya Koyi Faɗuwa a Bompai

Kwanana uku a Kano aka raba ni da wayata. A bakin get ɗin wani kamfanin roba ne a Sharaɗa, da sassafe, muna tsaye cirko-cirko muna jiran a fito a ɗebi leburori. Wani ɗan gayu mai farar shadda da biro a aljihu ya ratso mu ya tsaya a kaina, ya ce, "Kai daga Nijar kake ko?" Na ce e, daga wajen Tasawa. Ya ce ai masu jiki irina ake nema a ciki, in ba shi wayata ya shiga ofis a sa lambata a kwamfuta. Na miƙa masa da hannu biyu, har da godiya. Ya shige ta ƙaramar ƙofa, ashe akwai wata ta baya. Har azahar ina tsaye ina jiran kwamfuta.

Wata mai sayar da shinkafa da wake a gindin katangar ce ta gaji da ganina. Da na ba ta labari sai da ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta zuba mini abinci ta miƙo mini tata wayar. Na kira matata Ramatu na ce mata komai lafiya, Kano ta karɓe ni hannu bibbiyu. Wannan ce ƙarya ta farko da na aika gida, kuma ba ita ce ta ƙarshe ba.

Sunana Haruna. A garinmu in ka ce Haruna kawai ba wanda zai gane, sai ka ce Haruna ɗan kokawa. Ban taɓa zuwa babbar gasa ta ƙasa ba, ba zan yi wa kaina ƙari ba, amma a ƙauyukan da ke kewaye da mu na yi kaka goma sha ɗaya ina shiga fili bayan girbi, kuma ba a taɓa ka da ni ba. Kawuna ne ya koya mini tun ina ƙarami, da tsumagiya a hannunsa. A kokawa da zarar gwiwoyinka ko bayanka sun taɓa ƙasa, shi ke nan, makaɗa sun juya ganga wajen wani. Saboda haka abin da aka fi dasa mini shi ne ƙin ƙasa. Ko tuntuɓe na yi a hanyar gona, jikina bai san ya tafi ba. Ƙafa ce za ta cake, ƙugu ya murɗa, in miƙe. Gona ta ƙi shekara biyu a jere, 'ya'ya huɗu, shi ya fito da ni.

A Zawaciki na sami wurin kwana, ɗaki ɗaya mu huɗu, dukanmu 'yan ci-rani. Sharaɗa na yi wata biyu ina aikin yini, yau a ɗauke ka gobe a ce babu. Ban iya zama ba. In ba a ɗauke ni ba sai in yi ta yawo daga wannan get zuwa wancan har rana ta faɗi, ina leƙa kowace tagar masu gadi, ina jin suna kwaikwayon maganata in na juya baya, wai na ce "hura" maimakon fura. Raina yakan ɓaci ƙwarai. A gida wa ya isa?

Daga nan sai Challawa, wani kamfanin jimar fata. Wanda bai taɓa shiga majema ba ba zai gane warin ba, kuma ba zan iya kwatanta masa ba. Sati na farko ko tuwo na kai baki shi nake ji. Aikina shi ne in kwaso jiƙaƙƙun fatu daga manyan gangunan da ake juya su a ciki, in saɓa a kafaɗa, in gangara da su zuwa injin matse ruwa. Tsakanin gangunan da injin akwai wata gangara ta siminti, kullum jiƙe take da ruwan sinadari mai santsi kamar kuɓewa. Foman ɗinmu, Oga Tanko, ya so ni daga ranar farko, don abin da mutum biyu ke ɗauka ni kaɗai nake saɓawa. Buzu yake ce mini. Na gaya masa sau goma ni ba Buzu ba ne, Bahaushe ne kamarsa, ya ce, "To na ji, Buzu." Ni kuma, gaskiya, daɗin kallon da ake mini nake ji. Na rasa fili da makaɗa, sai na mai da gangarar nan fili.

Watana na biyar ne a majemar, da hantsi. Na saɓo kirgin shanu uku, na zo tsakiyar gangarar, sai ƙafar hagu ta tafi. Da wani ne da ya zube ya tashi da jiƙaƙƙen wando, a yi masa dariya a wuce. Ni kuwa jikina ya yi abin da ya saba. Na cake ƙafar dama, na murɗa ƙugu da dukan nauyin nan a kafaɗata, na ƙi ƙasa. Na ji ƙara a gwiwata kamar an karya kara, ɗas. Kuma wallahi ban faɗi ba. A tsaye aka zo aka sauke mini kayan, a tsaye aka riƙe ni, ina gumi ina cewa babu komai.

Sati uku na yi wajen mai ɗori. Ya ja, ya shafa, ya ɗaure, gwiwa kuwa ta kumbura ta yi kamar ƙwarya. Da aka kai ni asibiti aka yi hoto, aka ce ƙashi lafiyarsa lau, jijiyar da ke riƙe gwiwar ce ta yage. Aka tura ni ɓangaren gashin ƙashi da motsa jiki. Wata ma'aikaciya mai gilashi, ba ta da yawan magana, ta lanƙwasa ƙafar ta miƙe, ta sa na ba ta labarin yadda abin ya faru. Da na kai wajen da nake cewa ban faɗi ba, da 'yar alfaharina, sai ta cire gilashin ta dube ni.

"Malam Haruna, da ka faɗi da yanzu kana wurin aikinka. Ka ji ni da kyau. Wannan za ta warke in ka yi motsa jikin da zan nuna maka. Amma in ka sake murɗe ta irin wannan murɗewar, sanda ce har ƙarshen rayuwarka."

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Ni in koma Tasawa da sanda? In ratsa ta bakin filin da ake yi mini kirari ina ɗingishi, yara suna nuna ni? Na rantse a raina ko me za a yi ba zan shiga gida da sanda ba.

Na dogara na je wajen Oga Tanko. Ya ce shi ba mugu ba ne, amma kamfani ba gidan jinya ba ne. Bayan Babbar Sallah fatun layya za su yi ta shigowa mota-mota, za a nemi hannu. In zo kwana uku bayan Sallah in sauko da kaya a gangarar nan a gabansa. In na iya, gurbina na nan.

Wata huɗu ke nan a gabana, ni da bango huɗu. Abokan ɗakina su fita da asuba su bar ni. In kwanta, in tashi, in leƙa waje, in dawo. Na ƙirga ramukan kwanon rufin ɗakin har na haddace su. Kewar gida ta taso mini irin wadda ban taɓa ji ba, har ƙaurin hayaƙin murhun Ramatu nake marmari. In ta kira a sabuwar 'yar wayar da na samu, sai in fita bakin titi don ta ji ƙarar motoci ta ɗauka a wurin aiki nake. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsoro. Ni da nake shiga fili ina murmushi, na koma in ga ruwan wanke-wanke a tsakar gida sai gabana ya faɗi, in bi bango ina lallaɓawa kamar tsohuwa.

A ɗakin da ke kusa da namu akwai wani dattijo, Malam Garba, mutumin Gumel. Ya yi shekaru yana tuƙa inji a Sharaɗa kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Hannunsa na hagu a lanƙwashe yake, yana jan ƙafa, bakinsa ya ɗan karkace, amma bai hana shi tsokana ba. Wata safiya ya same ni ina bin bango zan je bayi.

"Ɗan Nijar, bangon nan na mai gida ne, kada ka tafi da shi."

"Malam, ku bar ni da abin da ke damuna."

"Ai na ga abin da ke damunka. Gobe ka shirya da wuri, za ka raka ni makaranta."

"Wace makaranta kuma?"

"Inda ake koya mana faɗuwa."

Na ɗauka ciwon ne ya taɓa masa kai. Amma zaman ɗakin ya ishe ni, ko kasuwar aljanu ya ce mu je zan bi shi. Akwai wani direban motar burodi a layinmu da ke kai kaya Bompai kowace safiya, shi ke ɗaukar Malam Garba kyauta. Ya dube ni da sandata, ya matsar da katan biyu, ya ce in hau. Haka muka ratsa gari ina zaune cikin ƙamshin burodi, cikina na kuka.

A Bompai, bayan wani kamfanin katifa, akwai tsohon sito da ba a amfani da shi. An shimfiɗa ragowar soso a ƙasa an rufe da tamfol. Mai wurin shi ne Baba Bitrus, mutumin Filato, mai kula da sito a kamfanin. Gajere ne, kansa fari fat, ya haura sittin, in ka gan shi a hanya ba za ka ce zai iya ɗaga bokiti ba. Ashe a ƙuruciyarsa ɗan judo ne, irin kokawar nan ta mutanen Japan da ake yi da farar riga da ɗamara. Kafin a buɗe kamfani yake tara mutane awa ɗaya. Na ga leburori masu ciwon baya, na ga wani da injin ya taɓa wa kafaɗa, na ga wata dattijuwa mai dafa abinci, Mama Saratu, wadda ta taɓa karya hannu a bakin famfo. Ranar Asabar kuma 'ya'yan ma'aikata ne ke cika wurin. Kayan aikin duk na tsince-tsince ne: bulo, jarkokin ruwa, robar cikin taya da aka yanka aka ɗaure a ƙarfen taga.

Baba Bitrus ya karanta takardar da mai gilashi ta rubuta mini, ya ce abin da ta ce shi za mu bi, ba zai ƙara ba sai gwiwa ta yarda. Ya sa ni zama a benci in miƙe ƙafa in riƙe, in ja robar taya da diddige, in tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba. Wannan duk na yi, har ina neman ƙari. Sai da ya ce in zauna a kan soso, in sa haɓa a ƙirji, in tafi da baya in bugi ƙasa da tafin hannu, sannan muka ɓata.

"Baba, ku yi haƙuri, wannan ban da ni."

"Don me?"

"Ni ɗan kokawa ne. Bayana bai taɓa taɓa ƙasa ba."

"To a tsaye kake barci?"

Wurin ya fashe da dariya, har Malam Garba da karkataccen bakinsa. Jinina ya hau. Na ce ni na zo ne a ƙarfafa mini ƙafa don kada in faɗi, ban zo a koya mini abin kunya ba. Baba Bitrus bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ƙarfi zan ba ka, in Allah ya yarda. Amma ba ni da maganin santsi. Wanda duk ke tafiya da ƙafa biyu zai faɗi wata rana, ni abin da na sani shi ne yadda zai tashi da ƙashinsa cikakke." Ya juya ya ce, "Saratu, nuna masa."

Matar nan ta kai sa'ar innata. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta durƙusa kaɗan, ta tafi ta gefe kamar an kwantar da buhu, hannunta ya bugi tamfol, fam. Ta mirgina, ta dafa gwiwa ta miƙe tana gyara kallabi. Ta ce mini, "Ɗana, ni da na sani tun da, da hannun nan bai karye ba." Na ɗauki sandata na fita. A ƙafa na nufi titi ina huci, na bar Malam Garba yana kirana.

Kwana takwas ban koma ba. Na ci gaba da jan roba a ɗaki ni kaɗai, ina cewa ƙarfin ya ishe ni. Rana ta tara, a bayi, na taka sabulun da wani ya yar. Santsin bai kai ya kawo ba, amma kafin in yi tunani ƙafar dama ta riga ta cake, ƙugu ya fara murɗawa. Wani zafi ya soke ni a gwiwar har ƙwaƙwalwa. Na rungume bango ina salati. Allah ya taƙaita, ba ta yage ba. Amma a wurin na gane abin da ke jirana a gangarar Challawa: ba santsin ne zai nakasa ni ba, ni ne da kaina. Na tsaya a bayin nan, na ji tsoron jikina kamar na wani baƙo.

Washegari na riga Malam Garba shiga motar burodi. Da muka kai wajen Nassarawa sai ya ce mini, "Yau dai ka bar musu bangon."

Na zauna a kan soso. Baba Bitrus ya durƙusa a bayana ya sa tafinsa a ƙeyata. Ya ce haɓa a ƙirji, baya a lanƙwashe, kada in kai hannu in tare, in bari sai baya ya sauka sannan in buga. Sau uku ina tafiya ina fasawa, ina jin muryar kawuna a kunnena. A na huɗu na rufe ido na saki. Na ji tamfol a bayana, sanyi. Na buɗe ido ina kallon kwanon rufi, ina jiran ihu. Babu wanda ya ko waiwayo. Mama Saratu na can tana ɗaga jarka, Malam Garba na fama da bulonsa. Hawaye suka zubo mini ta gefen ido har cikin kunne, ban san na mene ne ba. Baba Bitrus ya ce, "Saura ɗari. Tashi."

Haka muka yi ta yi. Daga zaune muka koma tsugune, daga tsugune zuwa tsaye, ta baya, ta dama, ta hagu. Ya ɗora mini buhun soso a kafaɗa ya ce in ƙafa ta tafi, kaya ake fara saki, kaya ba su da gwiwa. Yakan zo ta bayana ina tsaka da magana ya share mini ƙafa, tsohon nan, in tafi ƙasa ina zaginsa a zuci. Wata rana na ce mu gwada kokawa ta gaske, ni da shi. Ya ce sai na warke, kuma in zo da wanda zai kai ni gida. Cinyata ta dawo, na ajiye sanda, na fara hawa bulo da jarka biyu a hannu. Duk da haka ban sami natsuwa ba, kullum ina lissafin kwanakin Sallah, ina tashi da gangarar nan a raina.

Na yi Babbar Sallah a Zawaciki, karo na farko ba a gida ba. Malam Garba ya aiko mini da soyayyen nama a leda. Kwana uku bayan haka na isa Challawa. Fatun layya sun cika harabar har bakin get, ƙudaje kamar hadari, sababbin leburori sun yi layi. Oga Tanko ya gan ni ya washe baki. "Buzu ya dawo! To bismilla." Ya sa aka ɗora mini kirgi biyu. Tsofaffin abokan aikina suka dakata suna kallo.

Sahun farko na sauka lafiya. Na biyu ma haka. Gwiwa ta riƙe, ban ji ko ɗis ba, har na fara jin daɗin nan na da yana dawowa. A sahu na uku, ƙasa kaɗan da inda abin ya same ni, ƙafar hagu ta tafi.

Na ji dama tana shirin cakewa. Na ji ta sarai. Sai na saki kayan, na sa haɓa a ƙirji, na bi santsin. Na sauka ta gefe, hannuna ya bugi siminti, ruwan majema ya fantsama har fuskata. Fatun suka zube cikin kwata.

Dariya ta tashi, irin wadda na yi shekaru ina gudu. Wani ya ce, "Yau ga ɗan kokawa a ƙasa!" Na mirgina, na dafa, na miƙe. Na taka dama. Na sake takawa da ƙarfi. Lafiya lau.

Oga Tanko ya zo yana kaɗa kai. Ya dubi fatun da ke cikin kwata, ya dube ni. "Haruna," ya ce, ranar ce kaɗai ya kira sunana, "da can ko me ya faru ba ka yar da kaya. Ƙafar nan ba ta dawo ba. Ka yi haƙuri, ga mutane na jira."

Na buɗe baki in yi masa bayani, sai na ga ba shi da lokacin ji. Na ce na gode. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Wata huɗu ina shiri saboda gurbin nan, ga shi ya tafi a sahu uku, kuma gobe sai in koma bin get-get kamar sabon zuwa.

Na fito titi jiƙe sharkaf, ina wari. Ɗan adaidaita-sahu na farko ya tsaya, ya shaƙi iska, ya ja babur ɗinsa. Na biyu ko tsayawa bai yi ba. Na uku ya ce, "Haba malam, fasinja fa nake ɗauka." Na ce to ku riƙe abinku, na kama hanya a ƙafa. Ina tafe ina masifa ni kaɗai, ina tsara abin da ya kamata in gaya wa Oga Tanko, ina tunanin wane kamfani zan fara zuwa da safe, Sharaɗa ko Bompai. Na tsallake kwatoci, na ratsa taɓon bakin kasuwa, na kauce wa tirela, duk ban lura ba.

Sai da na iso ƙofar gidanmu a Zawaciki na ga Malam Garba zaune a kan tabarma yana jiran labari. Ya toshe hanci da hannunsa mai lafiya, ya dube ni sama da ƙasa.

"Sun ɗauke ka?"

"Ba su ɗauke ni ba, Malam. Faɗuwa na yi a gaban kowa."

"To wa ya kawo ka?"

Na waiwaya na dubi hanyar da na biyo, doguwa, har inda hayaƙin Challawa ke tashi. Na dubi ƙafafuna.

"Ba kowa," na ce. "Da ƙafata na zo."